AP shida a bene mai hawa uku, amma kira yana yankewa a matakala

MaiKebul_KN:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wani aiki ina neman shawararku a kai. Ginin ofisoshi ne, bene mai hawa uku, tsawo mita 42, faɗi mita 14, korido a tsakiya, ofisoshi hagu da dama. Bangon waje bulo inci tara, na ciki inci shida, tsakanin hawa da hawa kuma kankare ne mai rodi. Matakala ɗaya ce, a ƙarshen gabas. Intanet a ƙasa yake shigowa. AP, wato na'urar da ke watsa waifai, shida ne, biyu a kowane hawa, duka a korido. Huɗu irin na maƙalawa a silin ne, kamfani ɗaya. Biyun da ke hawan sama kuwa tsofaffin rautocin gida ne. Duka suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, kuma an ƙure musu ƙarfi. Matsalar ita ce mutum yana kiran WhatsApp, da ya hau matakala sai kiran ya yanke. Wani lokaci kuma kana tsaye ƙarƙashin AP na hawan tsakiya amma intanet na jan ƙafa, sai ka kashe waifai ka kunna sannan ya saki. Me ya rage ban yi ba?

dBm67:
Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa saiti a fara gane wannan: ba AP ne ke miƙa waya ga ɗan'uwansa ba. Wayar ce da kanta take yanke shawarar sakin wannan ta kama wancan. AP iyakarsa ya ba ta shawara, ko ya kore ta. Ita kuwa waya ba ta neman wani sai ta ji wanda take riƙe da shi ya yi rauni. Apple sun fitar da nasu lissafin a fili: iPhone da iPad ba sa fara dube-dube sai sigina ta sauka zuwa -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ne, -60 ya fi -70 ƙarfi), Mac kuma sai -75. Ko da wayar ta fara duben, sabon AP sai ya fi tsohon da dB 8 in tana cikin aika bayanai, ko dB 12 in zaune take kawai. Na Android kuwa kowane kamfani da nasa ma'auni.

To kai ka ƙure wa AP shida ƙarfi. Wayar da ta kama na ƙasa ta hau tsakiya tana jin sa a -67, a wurinta lafiya lau ce, me zai ɗaga ta? Ga shi ita tana jin ihun AP, amma shi ba ya jin amsarta sosai, domin rediyon waya bai kai nasa ƙarfi ba. Sai a yi ta maimaita saƙo ɗaya. Jan ƙafar da kake gani kenan.

Injiniya_Zazzau:
Maganar dBm67 haka take, amma ni idona yana kan rautocin nan biyu na sama. MaiKebul, tsaya a ƙasa ka duba adireshin IP na wayarka, ka hau sama ka sake dubawa. Faɗa mana abin da ka gani.

MaiKebul_KN:
A ƙasa da tsakiya 192.168.1.x ne. A sama ya koma 192.168.0.x.

Injiniya_Zazzau:
To ga ɓarawon. Netwok uku gare ka masu suna ɗaya, ba ɗaya ba. An soka kebul a ramin WAN na rautocin, wato ramin shigowar intanet, kowacce tana raba nata adireshin. Da waya ta canza IP, duk abin da take yi a buɗe sai ya tsinke a sake ƙulla shi, babu saitin romin, wato sauyawar waya daga AP zuwa AP, da zai hana wannan. Mafi muni, idan rautocin biyu duka 192.168.0.1 suke amfani da shi, waya ta bar ɗaya ta koma ɗaya tana riƙe da adireshin da wannan ba ta san da shi ba, ko ma ta riga ta ba wani.

Gyaran: in rautar tana da zaɓin aiki a matsayin AP, zaɓe shi. In babu, shiga ka kashe DHCP ɗinta, wato abin da ke raba adireshi, ka ba ta adireshi tsayayye a cikin 192.168.1.x wanda yake waje da jerin da babbar rauta ke rabawa, misali .2 da .3 idan rabon ya fara daga .50. Sannan ka zare kebul daga WAN ka mayar da shi ramin LAN. A ginin gaba ɗaya na'ura ɗaya tak ce za ta raba adireshi.

Hajiya_Netwok:
Ƙari a kan na Injiniya. Suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ba su isa ba, nau'in tsaron ma sai ya zama ɗaya. Tsofaffin rautoci sukan zo a kan WPA da WPA2 gauraye, da TKIP a ciki, sababbin AP kuma wasu kan WPA2 da WPA3 gauraye. Wasu wayoyin in suka ga haka ba sa ɗaukar su netwok ɗaya. Sa duka shidan a WPA2 da AES kawai. TKIP ɗin nan ma ko ba don romin ba a cire shi, yana daure gudu a 54 Mbps. Ka kuma duba harufan sunan da kyau, babba da ƙarami ba ɗaya ba ne, haka nan tazarar da aka bari a ƙarshen suna.

DanKasuwarWaya:
Ni a sanina in ana son waya ta riƙa wucewa sumul, duka AP ɗin tasha ɗaya ake sa su, kamar 6. In tasha ta bambanta ai sai wayar ta tsaya nema.

Tsohon_Teknisha:
A'a ɗana, akasin haka ne. Waifai kamar zaure ne, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Duk AP ɗin da ke tasha ɗaya kuma suna jin juna, layi suke bi: in ɗaya yana magana sauran biyar da wayoyinsu sai su jira. Ka sayi shida ka samu aikin ɗaya.

A 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma faɗin ya tsaya a 20 MHz, kada a kuskura a sa 40. Tunda shida ne dole kowace tasha a maimaita ta sau biyu, sai a nisanta masu tasha ɗaya. Ƙasa: gabas 1, yamma 6. Tsakiya: gabas 11, yamma 1. Sama: gabas 6, yamma 11. Ka ga babu biyu masu tasha ɗaya a hawa ɗaya, babu kuma wanda ke kan ɗan'uwansa kai tsaye.

A 5 GHz akwai wadata. Da faɗin 40 MHz za ka samu 36, 44, 52, 60, da 149 da 157 in ƙasar da aka zaɓa a saiti ta buɗe maka su, kowane AP da tasa. Kada ka bar shi a 80 MHz yadda da yawa suke zuwa daga kamfani, domin daga 36 har 48 tasha guda ce ke nan ta cinye.

DanKasuwarWaya:
Na karɓi gyara, Baba.

dBm67:
Hattara da 52 da 60 ɗin dai. Daga 52 zuwa 64, da 100 zuwa sama har 140, tashoshin DFS ne, ana raba su da rada. AP zai yi shiru na daƙiƙa 60 yana saurare kafin ya fara aiki a kansu, kuma duk lokacin da ya ji wani abu mai kama da rada dole ya bar tashar, wayoyin da ke kansa su watse. In ginin yana kusa da filin jirgi, ni zan ce a sauka zuwa 20 MHz a yi amfani da 36, 40, 44, 48, 149, 153. Ofis ne, kira da imel da takardu, 20 MHz ya ishe su.

Tsohon_Teknisha:
Ban ƙi ba, amma mai ginin zai buɗe manhajar gwajin gudu ya ga lamba ta ragu ya ce an lalata masa aiki. A gwada 40 tukuna, a duba tarihin AP ɗin bayan mako guda. In babu rahoton rada, a bar shi.

MaiKebul_KN:
An gyara IP, an daidaita tsaro, an raba tashoshi yadda Baba ya tsara. Ƙarfin fa, nawa zan sa?

dBm67:
Babu lamba ɗaya da ta dace da kowane gini, amma ga inda za ka fara. 5 GHz a sa shi tsakanin 14 da 17 dBm, 2.4 GHz kuma ƙasa da shi da kamar dB 6, wato 8 zuwa 11. Dalilin bambancin, 2.4 ya fi tafiya nesa kuma ya fi ratsa bango, in ka daidaita su wayoyi za su yi ta maƙalewa a 2.4. Ka tuna kowane dB 3 rabi ne: 20 dBm miliwat 100 ne, 17 hamsin, 14 ashirin da biyar. In rautocin gidan ba su da lamba, sai babba, matsakaici, ƙarami, sa 2.4 a ƙarami, 5 a matsakaici.

Daga nan sai awo. Abin da ake nema shi ne a duk inda mutum ke zama ya ji AP ɗaya a -67 ko fiye, kuma a daidai inda na farko ya sauka zuwa -70, na biyu ya riga ya kai -62 ko abin da ya fi. In na biyun bai kai ba, iPhone zai fara nema ya rasa wanda ya cancanta, ya ci gaba da riƙe tsohon. Ka yi awon da waya, a cikin ofis, ƙofa a rufe, ba a korido ba.

Hajiya_Netwok:
Daidai nan nake son tsayawa. AP a korido shi ne rabin matsalar ginin nan. Korido mai mita 42 kamar bututu ne, sigina tana bi ta miƙe har ƙarshe ba abin da ya tare ta. Na gabas da na yamma suna jin juna da ƙarfi, mai tafiya a korido ba zai taɓa sauka zuwa -70 ba. Amma da ya shiga ofishin da ke can ƙurya, siginar sai ta ratsa bulo a karkace, bango biyu ko uku, ta faɗi warwas. Ka rage ƙarfi don korido, ofisoshin ƙurya su mutu. Ka ƙara don ofisoshi, romin ya lalace. Mafita a shigar da AP ɗin cikin ofisoshi, ɗaya a ɓangaren hagu, ɗaya a dama, a hawa na gaba a juya. Bangon da kake kuka da shi sai ya zama shi ke yanka maka iyaka tsakanin AP da AP.

Kuma a ƙarƙashin silin ake maƙala shi, fuska ƙasa. Kada a ɓoye shi cikin silin don kwalliya, musamman a hawan sama ƙarƙashin kwano. Zafin watan Afrilu a can ciki ba na na'ura ba ne, ga kwanon da ƙarafan silin suna mayar da sigina.

Injiniya_Zazzau:
Hajiya, a takarda haka ne. A aiki kuwa sabon jan kebul ne, fasa bango ne, ga ofis a kulle ranar da kake son taɓa AP. Kuma AP biyu a cikin ofisoshi ba lallai su rufe mita 42 na bulo ba, ƙila ya koma uku a kowane hawa, tara kenan. Ya fara auna abin da ke akwai.

Hajiya_Netwok:
Ya auna, ban hana ba. Awon ne zai dawo da shi kan maganata.

Omada_Fan:
Duk wannan dogon lissafi, ba kunna romin mai sauri kawai zai yi a kwantirola, manhajar da ke kula da AP ɗin, ba? 802.11r da k da v, an gama.

Tsohon_Teknisha:
Ba a gama ba. Kowanne da aikinsa. 802.11k shi ke ba waya jerin maƙwabtan AP da tashoshinsu, don kada ta ɓata lokaci tana leƙa kowace tasha. 802.11v shi ke ba AP dama ya ce wa waya ga wanda ya fi miki, tana iya bi tana iya ƙi. 802.11r kuma yana gajarta musayar makullan tsaro lokacin sauyawa. Ukun nan sai AP ɗin sun san juna, wato tsari ɗaya ƙarƙashin kulawa ɗaya, ko UniFi, ko Omada, ko CAPsMAN na MikroTik, ko OpenWrt da aka saita da hannu. Huɗun silin za su yi. Rautocin gidan nan biyu ba sa cikin wannan zance, tsakanin tsakiya da sama waya za ta yi sauyi irin na da ne.

Sannan babu ɗayansu da zai gyara ƙarfin da aka ƙure. Ka ba waya jerin maƙwabta, in ba ta ga dalilin tashi ba, ba za ta buɗe jerin ba.

dBm67:
Ni 802.11r ma ba na gaggawar kunna shi a inda kalmar sirri ɗaya ake rabawa. Inda yake da babban amfani shi ne WPA2 na kamfanoni, mai 802.1X da sabar RADIUS, domin a can kowane sauyi sai an koma wurin saba an tantance mutum daga farko. A kalmar sirri ta gama-gari musayar saƙo huɗu ce kawai, ba ita ke cin lokaci ba, neman AP ne ke ci, kuma k ne maganinsa. Ga shi wasu tsofaffin na'urori in suka ga r a kunne ƙin haɗuwa suke yi gaba ɗaya: firinta, wasu na'urorin POS, kyamarori masu arha.

Omada_Fan:
Sai a buɗe musu suna na daban mara r, a 2.4 kawai. Wayoyi da kwamfutoci su zauna a babban sunan.

dBm67:
Wannan ya yi. Amma kada sunaye su wuce uku. Kowane suna AP yana shelanta shi kusan sau goma a daƙiƙa, a kan mafi ƙarancin gudun da aka yarda da shi. In an bar 1 Mbps a buɗe, shelar kaɗai tana cin iska ba kaɗan ba. A babban sunan a ɗaga mafi ƙarancin gudu zuwa 12 Mbps, a rufe 1, 2, 5.5 da 11 na zamanin 802.11b. Wannan ma yana taimaka wa romin, domin wayar da ta yi nisa ba za ta iya lallaɓawa a 1 Mbps ta ci gaba da maƙalewa ba.

MaiKebul_KN:
Akwai wani saiti na korar waya in siginarta ta yi ƙasa da wata lamba. In kunna?

Injiniya_Zazzau:
Shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Kora ce, ba miƙawa ba: AP ya yanke wayar, ita ta nemi mafita. In mutum yana kira zai ji ɗan tsinkewa. In kuma a wurin babu wani AP da ya fi, za ta dawo, a sake korarta, ta dawo, har wasu wayoyin su yi fushi su koma data. In dole ne, fara daga -80, kada ka haura -75, kuma sai bayan ka tabbatar ko'ina akwai AP na biyu da za ta faɗa. Ka lura kuma lambar da AP ke aunawa yadda shi yake jin wayar ne, ba yadda wayar ke jin sa ba, sukan bambanta.

Mai_Inbata:
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. Wutar na'urorin nan daga ina take? Domin akwai romin da NEPA ke lalatawa. In huɗun suna kan suwic mai PoE, wato mai ba su wuta ta kebul ɗin netwok, da ke kan inbata, biyun sama kuma suna soket na bango, duk ɗauke wuta na sama za su mutu har janareta ya tashi, su kuma ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin su dawo. Kafin nan duk wayoyin hawan sama sun sauko kan AP na tsakiya ta cikin kankare, kuma ba za su koma da kansu ba in siginar ba ta faɗi ƙasa da ma'auninsu ba. Sai a ce waifai na sama ba shi da kyau, alhali ba kowa a kansa. Rauta, suwic, kwantirola da duka AP su zauna kan inbata ɗaya.

Lissafin PoE kuma: 802.3af wat 15.4 yake bayarwa a rami, 12.95 ke isa na'ura. 802.3at wat 30, 25.5 ke isa. Duba abin da AP ɗinka ke nema, ka kuma duba jimillar da suwic zai iya bayarwa, ba yawan ramukansa ba. Akwai mai rami takwas da jimillarsa ba ta wuce wat sittin da 'yan kai ba. AP ɗin da bai ƙoshi da wuta ba wani yakan rage aikin rediyonsa, wani ya yi ta mutuwa yana tashi. Tsofaffin da ke cin volt 24 kuma ba ruwansu da af ko at, da nasu adafta suke aiki.

Tsohon_Teknisha:
Tunda an zo nan, kebul. Kwali ya ce Cat6 ba shi ne magana ba. Fere waya ɗaya ka kankare ta da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, CCA kenan. Yana zubar da wuta a hanya fiye da jan ƙarfe zalla, yana kuma karyewa a bakin kan RJ45. Iyakar tsawo mita 100 ce, kuma da jan ƙarfe na gaske aka yi wannan lissafin. Ka shiga suwic ka duba kowane rami: in ka ga wani AP ya haɗu a 100 Mbps maimakon 1000, akwai waya a cikin takwas ɗin da ke cikin kebul da ba ta taɓa ba, a sake matse kan.

DanKasuwarWaya:
To me zai hana ya sayi mesh ya huta da kebul a sama?

Hajiya_Netwok:
Kebul ya riga ya kai sama, me zai sa ya bar shi? Mesh hanyar kai intanet ga AP ce ta iska in babu kebul, ba wani sihirin romin ba ne. In rediyo ɗaya ke karɓa yana kuma mayarwa, gudu yakan ragu kusan rabi a kowane tsalle, balle ta cikin kankare mai rodi. Inda kowane AP ke da kebul ma ni kashe mesh ɗin nake ba da shawara, don kada kebul ya samu matsala AP ya koma iska a ɓoye ba wanda ya sani.

Injiniya_Zazzau:
MaiKebul, ga yadda za ka gwada, kada ka dogara da sandunan sigina. Ɗauki laftof mai Windows, buɗe tagar umarni biyu. A ɗaya ka sa ping -t 192.168.1.1, umarnin da ke ta aika ɗan saƙo yana jiran amsa, zuwa babbar rauta, ba wani shafi na waje ba, don kada matsalar mai ba ku intanet ta shigo cikin awon. A ɗayar ka riƙa buga netsh wlan show interfaces kana duba layin BSSID, shi ke nuna AP ɗin da kake kai. A Mac ka danne Option ka taɓa alamar waifai. A Android WiFiman ko WiFi Analyzer za su nuna maka. Yi tafiya irin ta mutum mai waya a kunne, daga yammacin ƙasa har yammacin sama, ka rubuta inda BSSID ya canza da ping nawa suka ɓace. Ɗaya ko babu, aiki ya yi. Ka maimaita da waya ana kira na gaske, domin laftof da waya ba halinsu ɗaya ba.

MaiKebul_KN:
Ga sakamako. 5 GHz yana 16, 2.4 yana 10, k da v a kunne, r a kashe, mafi ƙarancin gudu 12. Daga ƙasa zuwa tsakiya ping ɗaya ya ɓace, kira bai yanke ba. Daga tsakiya zuwa sama biyar zuwa shida ke ɓacewa, murya takan ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. A kwanar matakala tsakanin tsakiya da sama, na tsakiya yana -78, na sama -76. Ofisoshi biyu na ƙuryar yamma a ƙasa sun koma -74 in an rufe ƙofa.

dBm67:
Kwanar matakalar nan rami ce, ba matsalar sauyi ba. Duka biyun sun yi rauni a lokaci guda, wayar ba ta da inda za ta faɗa. Matsar da AP na gabas a sama kusa da bakin matakala, mita huɗu ko biyar, ka sake aunawa kafin ka sayi komai.

Hajiya_Netwok:
-74 a ofisoshin ƙurya. Injiniya, ka gani?

Injiniya_Zazzau:
Na gani, Hajiya. Ofis biyu ne, AP ɗaya na bango a cikin ɗayansu ya wadatar, ba sai an tayar da shida ba. Ni kuɗin da ke hannu zan fara sa shi a canza rautocin saman nan da irin huɗun, su shiga kwantirola ɗaya, su koma kan PoE, matsalar Mai_Inbata ma ta tafi.

Omada_Fan:
In ya canza su sai ya kunna r ya sake gwajin matakalar, mu ga ko dBm67 zai janye.

dBm67:
Ya gwada, amma ya fara matsar da AP ɗin ya auna, sannan ya kunna r ya sake aunawa. In ya yi su tare ba za mu san wanne ya yi aikin ba. MaiKebul, ƙofar matakalar ta sama, katako ce ko ƙarfe? In ƙarfe ce kuma a rufe take zama, matsarwar ba za ta yi ba, sai dai AP ya shiga cikin matakalar kanta.